Hali Zanen Dutse? Abin da Tsuntsaye da Tagwaye Suka Nuna

A zangon karatun da ya gabata wata makarantar sakandare ta gayyace ni in yi wa 'yan ƙungiyar kimiyya jawabi. Kafin lokaci ya yi sai aka zaunar da ni a ɗakin malamai, inda na tarar ana muhawara a kan wani yaro ɗan aji uku da aka kama karo na uku ya tsallake katanga ya shiga gari. Abin da ake son yankewa shi ne, a kore shi ko a sake ba shi dama. Wani dattijon malami ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, hali zanen dutse ne. Na san ubansa, shi ma haka ya yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wata malama ta ce ita ba ta yarda ba, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron kuwa shekararsa 14 kacal. Na uku ya ce duk ba nan take ba, a raba shi da abokansa kawai, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga nan sai suka juyo gare ni suka ce, "To Dakta, ku masu ilmin halittu me kuka ce?"

Amsar da na bayar a gurguje ni kaina ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ga ya dace in zauna in warware ta a wannan mujalla. Mai karatu zai lura cewa dukkan malaman nan uku da maganar magabata suka kafa hujja, amma kowace magana ta ja nata ɓangare. Na sha jin ɗalibai suna cewa wannan ya nuna karin magana ba abin dogaro ba ne. Ni ban ga haka ba. Karin magana sakamakon lura ne na shekaru aru-aru, kuma mutanen da suka yi lurar ba su da gaggawa. Abin da kawai karin magana bai faɗa shi ne iyakarsa, wato a ina yake aiki, a wane lokaci, kuma a kan wane ɓangare na ɗan Adam. Gano wannan iyaka shi ne aikin kimiyya. Za mu fara da tsuntsaye, domin a kansu ana iya yin gwajin da ba ya halatta a kan mutane.

Tsuntsun da ba ya saƙa sheƙa

Kusan kowa ya san 'yar ƙaramar tsuntsuwar nan ja da ke sauka tsakar gida tana tsintar tsaba kusa da turmi, wadda wasu ke kira baiwar Allah. Masana suna kiranta Lagonosticta senegala. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai kusan girmanta, Vidua chalybeata, wanda namijinsa kan rikiɗe ya zama baƙi wuluk mai sheƙi a lokacin kiwo. Wannan baƙin tsuntsu bai taɓa saƙa sheƙa ba, bai kuma taɓa ciyar da ɗa ba. Macen takan faki idon jar tsuntsuwa ta shiga sheƙarta ta yi ƙwai ta fita, mai sheƙa ta kwanta a kan duka ta ƙyanƙyashe, ta reni nata da na baƙuwa tare.

Yaya aka yi ba ta gane ɗan da ba nata ba? Idan 'ya'yan jar tsuntsuwa suka buɗe baki neman abinci, akan ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cikin bakin da wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu haske a gefensa, kuma kowane jinsi da irin nasa tsari. Ɗan baƙon yakan fito daga ƙwai da tsari irin na 'yan gida. Babu wanda ya koya masa wannan, babu kuma yadda za a yi ya koya. Ya zo da shi ne a cikin ƙwayoyin gado da ya samu daga iyayen da bai taɓa gani ba. Wannan kam zanen dutse ne na sosai.

Amma akwai abu na biyu. Idan namijin ya girma, wani ɓangare na kukansa kwaikwayon kukan jar tsuntsuwar da ta rene shi ne. Wani masani Bajamushe, Jürgen Nicolai, shi ya fara bayyana wannan a 1964. Tambayar da ta rage ita ce, kukan ma gado ne kamar zanen baki, ko koyo ne? Robert Payne na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa suka warware wannan da gwaji mai sauƙin fahimta. Suka ɗauki ƙwan baƙin tsuntsu suka sa a ƙarƙashin wani ɗan tsuntsun keji ɗan asalin Asiya, wanda kakannin baƙin tsuntsun ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Sakamakon da suka buga a 1998 da 2000 ya nuna cewa mazan da aka rena haka sun tashi suna kukan uban riƙonsu na Asiya. Matan kuwa sun fi karkata ga namijin da ke irin wannan kuka, kuma da lokacin yin ƙwai ya zo sai suka nemi sheƙar irin tsuntsun da ya rene su.

Ke nan a jikin tsuntsu ɗaya an sami abu biyu. Zanen baki ya bi jini, kuka da zaɓin miji da zaɓin gida sun bi reno. Da dattijon malami da malamar nan, kowannensu zai iya nuna wannan tsuntsu ya ce ga shaidata. Sai dai a lura, ita kanta baiwar koyon kuka gado ce. Da za a sa ƙwan kurciya a wannan sheƙa, kukan kurciya zai yi, domin kurciya ba ta cikin tsuntsayen da ke koyon kuka da kunne. Abin da baƙin tsuntsu ya gada shi ne ƙwaƙwalwa mai shirin ɗauka, abin da za ta ɗauka kuwa yana hannun wanda ya rene shi.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi wani abu da ya shafi ƙasarmu. A duwatsun Jos akwai wani ɗan'uwan wannan tsuntsu, Vidua maryae, wanda kukansa bai yi daidai da na kowace jar tsuntsuwa da masana suka sani ba. Bin diddigin wannan kuka ya kai ga tabbatar da wani jinsi na jar tsuntsuwa mai zama cikin duwatsu, wanda Payne ya bayyana wa duniya a 1998 da sunan Lagonosticta sanguinodorsalis. Ana ganinsa a dajin Amurum kusa da Jos. Wato ɗan riƙo ne ya tona asirin mai riƙonsa.

Tagwaye

Ba za a iya musanya jariran mutane don gwaji ba, amma rayuwa kan yi gwajin da kanta. Tagwaye iri biyu ne. Akwai na ƙwai ɗaya da ya rabu biyu, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Idan na ƙwai ɗaya sun fi na ƙwai biyu kama da juna a wata ɗabi'a, alhali duka gida ɗaya suka tashi, to akwai hannun gado a ciki. Francis Galton na Ingila shi ya fara tunanin amfani da tagwaye ta wannan hanya a 1875. A 1979 kuma Thomas Bouchard ya fara wani bincike a Jami'ar Minnesota a kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowanne ya tashi a gida daban. Da aka haɗa su suna manya aka auna, sai aka tarar suna kama da juna a hali ƙwarai, kusan kamar waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya.

A 2015 wasu masana ƙarƙashin Tinca Polderman suka tattara binciken tagwaye na shekara 50, wanda ya ƙunshi tagwaye fiye da miliyan 14, suka sami cewa idan aka haɗa dukkan siffofin da aka auna, gado ke da alhakin kimanin kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. A kan hali shi kaɗai, kamar saurin fushi, son shiga jama'a, kunya ko tsare aiki, yawancin bincike na bayar da tsakanin kashi 40 da 50. Saboda haka wanda ya ce kowane jariri farar takarda ne bai faɗi daidai ba, kuma duk uwar da ta haifi uku ta san haka tun kafin Galton.

Wani abin mamaki da wannan bincike ya fito da shi shi ne, ragowar rabin ba zaman gida ɗaya ne ke ɗauke da mafi yawansa ba. 'Yan'uwa da suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya ba su cika ɗaukar hali ɗaya don wannan dalili ba. Abubuwan da suka sami kowane ɗa shi kaɗai, irin su cutar da ya yi, abokan da ya samu, malamin da ya haɗu da shi, har da sa'a kawai yayin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa a ciki, su suka fi yin tasiri. Bugu da ƙari, kowane ɗa rabin ƙwayoyin gadon uba yake samu da rabin na uwa, kuma kowace haihuwa da yadda rabon ke faɗawa. Bahaushe ya lura da wannan ma, shi ya sa ya ajiye wata magana a gefe don ranar da ɗa bai biyo iyaye ba, ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

A nan ne nake son ɗalibai su natsu, domin nan ake yawan yin kuskure. Cewa gado na da kashi 49 ba ya nufin rabin halin Audu daga ubansa ne, rabi daga unguwa. Lissafin yana magana ne a kan bambanci tsakanin jama'a masu yawa, a wani wuri, a wani zamani. Richard Lewontin ya kawo misali da iri a 1970, bari mu mayar da shi gonarmu. Ka ɗebi gero daga buhu ɗaya, ka shuka rabi a gona mai taki, rabi a kan fako. A cikin gona mai taki wani kara zai fi wani tsawo, wannan bambancin iri ne tunda ƙasar ɗaya ce. Haka ma a kan fako. Amma tazarar da ke tsakanin gonakin biyu gaba ɗaya, ƙasa ce ta jawo ta, iri ba shi da laifi. Wanda ya dubi gajeren geron fako ya ce irin ne ba shi da kyau ya zalunci irin.

Muna da fakon namu. Ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki da ƙaramin yaro, wanda ke jawo maƙoƙo, yana kuma dakushe ƙwaƙwalwa, shi ya sa Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma an san dalma na taɓa fahimta da ɗabi'ar yaron da ya tsira. Yaron da irin wannan ta same shi zai zauna a aji ana ce masa daƙiƙi ɗan daƙiƙi. Har ila yau, mafi yawan tagwayen da aka auna a waɗancan bincike 'yan Turai ne da Amurka da Ostareliya, inda yunwa da zazzaɓin cizon sauro ba su cika shiga lissafi ba.

Kada kuma a ɗauka hali na tafiya kamar sikila. Cutar sikila canjin harafi ɗaya ne a ƙwayar gado guda, shi ya sa likita zai iya gaya wa AS biyu cewa kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kuma ko tsawon jiki, wanda ya fi hali sauƙin aunawa, wani bincike na 2022 a kan mutane fiye da miliyan 5 ya gano wurare sama da 12,000 da ke da hannu a cikinsa, kowanne da ɗan ƙanƙanin tasiri. Babu ƙwayar gado ta sata, babu ta tsallake katanga.

Ɗanyen icce

Maganar malamar nan tana da goyon baya mai ƙarfi. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna cewa idan aka rufe idon ɗan kyanwa guda a cikin watanni uku na farkon rayuwarsa, ko an buɗe daga baya idon ba zai yi gani sosai ba, alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙwaƙwalwa ce ta ba ɗaya idon wurinsa. Rufe idon babbar kyanwa kuwa bai yi wannan ɓarna ba. Sun sami kyautar Nobel a 1981.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na harshe. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gwada jariran gidajen da ake Turanci da wasu sautuka na Indiyanci da na wani harshen 'yan asalin ƙasar. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe sautukan, amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunne ya riga ya zaɓi harshen gida tun yaro bai furta kalma ba. Wannan ne dalilin da ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake fama da baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, mu kuma ake mana dariya a kan p da f. Ɗan Bahaushe da aka rena a Landan ba zai sami matsalar p ba, amma ƙ za ta ba shi wuya.

To amma yaushe iccen ke bushewa? A nan karin maganar ya ɗan yi tsanani. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum burki ya sa ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Yaro ɗan 14 yana da ƙarfin sha'awa irin na babba da burki irin na yaro. Wannan bayani ne, ban ce uzuri ba ne. Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara bincike 92 da suka bi mutane shekara da shekaru, suka buga a 2006 cewa galibin mutane na ƙara natsuwa da riƙon amana da tsare aiki musamman tsakanin shekara 20 da 40. Ko ginin ƙwaƙwalwar babba yana sauyawa. Direban tasi a Landan sai ya haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba shi lasisi, abin da kan ɗauki shekara 3 zuwa 4. Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswira ya fi na sauran mutane girma, a 2011 kuma aka bi masu koyo tun daga farko aka ga sashen ya ƙaru ne ga waɗanda suka ci jarrabawar.

Dattijon ma yana da nasa rabo. Binciken da ya bi mutane ya nuna cewa matsayin mutum a cikin sa'o'insa yana daɗa tsayawa da shekaru. A yarinta yana yawo ƙwarai, bayan shekara 50 kuwa da wuya mai zafin rai ya koma mafi sanyin tsararsa. Da a kan abokinsa na ɗakin malamai ya yi maganar zanen dutse, da ta fi zama daidai.

Sana'ar gado da ƙirƙira

Mu Hausawa mun saba jingina fasaha ga jini. Mukan ce wane ya gaji ƙira, wane ya gaji kiɗa, har a wasu gidaje a hana aure saboda sana'ar kakan mutum. Ɗan maƙeri dai ya gaji jikin ubansa, amma kuma tun yana rarrafe yake jin amon masaba, yana ɗan shekara bakwai yake zuga-zugi. Jini da reno sun zo masa ta ƙofa ɗaya, ba mai iya raba su da ido. Sai an dubi waɗanda abin ya rabu a kansu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan makaɗi ne amma bai tashi a hannun mahaifinsa ba, kuma kuntigin da ya shahara da shi da kansa ya nemo shi. Mutum biyu ba su isa hujjar kimiyya ba, amma sun isa su sa a yi hattara da cewa fasaha sai ɗan gado.

Baƙin tsuntsun namu yana da abin cewa a nan ma. Ban da kukan da ya koya a sheƙa, yana da wasu waƙoƙi nasa na jinsi, kuma Payne ya shafe shekaru yana naɗar su a Zambiya. Ya tarar mazan yanki ɗaya suna da waƙoƙi iri ɗaya, suna kwaikwayon namijin da mata suka fi zuwa wurinsa, amma kowace shekara waƙoƙin na ɗan sauyawa, har bayan 'yan shekaru su zama wasu daban. Babu tsuntsun da ya zauna ya ƙago sabuwar waƙa daga babu. Kwaikwayo ne da ɗan kauce wa asali, sai jama'a su riƙe abin da ya yi musu daɗi. A ganina ƙirƙirar ɗan Adam ba ta yi nisa da haka ba, sai dai shi yana kaucewa da gangan. Wanda bai ƙoshi da aikin magabata ba ba shi da abin da zai sauya. Shi ya sa nake jin takaici idan ɗalibi ya ce mini shi ba shi da baiwar lissafi, alhali bai taɓa zama da lissafin na sati biyu a jere ba.

Komawa ɗakin malamai

Da za a sake yi mini tambayar, ga abin da zan ce. Mai yiwuwa ne yaron ya gaji ƙarfin hali da ƙin zama wuri ɗaya, kuma ba duka ko wa'azi da zai mayar da shi mai sanyi kamar ɗan'uwansa. Amma ƙarfin hali ba laifi ba ne. Shi ne ke tsallake katanga, shi ne kuma ke kai ɗan kasuwa Agadas. Inda zai zuba wannan ƙarfi bai riga ya tabbata ba a shekara 14. Akwai kuma haɗari a cikin hukuncin kansa. Tun binciken Robert Rosenthal da Lenore Jacobson na 1968 ake auna yadda zaton malami ke shafar ɗalibi. Binciken baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka zuzuta shi da farko ba, amma yana nan, kuma ya fi ƙarfi a kan yaran da dama ake yi wa kallon raini. Idan aka kori yaro don an ce halinsa ba zai sauya ba, ya koma tasha ya lalace, sai a ce ai dama an faɗa. Ba a gwada ɗaya hanyar ba, saboda haka hujjar ba ta tsaya ba. Makarantar nan dai ta dakatar da shi na sati biyu, aka sauya masa ɗakin kwana.

Ga 'yan ƙungiyoyin kimiyya, ga aikin da ba ya buƙatar ko kwabo. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, ku nemi ɗan baƙin tsuntsu mai farin baki da jajayen ƙafafu wanda ke zama a kan reshe ɗaya ko wayar lantarki kullum yana kuka, galibi kusa da gidaje. Ku fara sauraron kukan jar tsuntsuwar tsakar gida na kwana biyu ko uku har kunnenku ya riƙe shi. Sa'an nan ku zauna ƙarƙashin baƙin da littafi da agogo, ku rubuta sau nawa a cikin minti 10 yake barin surutunsa mai kaushi ya sako siririn kukan uwar riƙonsa. Ku maimaita da safe da yamma har sati guda, ku kwatanta abin da ajinku ya samu da na wani aji.